Man da Ya Shiga Birkin Malam Sada

Abin da aikin yake buƙata kaɗan ne: boris guda, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kai, lainin birki biyu, waɗanda su ke damƙe taya in an taka, da wata 'yar roba mai faɗin bakin kofin shayi wadda muke ce wa sil. Sai jiran kwana uku kafin robar ta iso daga Kano. A ɗaya gefen kuwa akwai ƙugun dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, da karatun magidanta wajen ashirin da ke jiran shi a Kurfi duk Asabar, da besfa goma sha huɗu na malaman ƙasar nan, waɗanda ni na sayar masu, ni ke duba masu. Duk na san da wannan a ranar. Ba wanda ya ɓoye mani komai.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuka fara sha'awar tsohuwar besfa kwanan nan. Kukan zo shagona a Dutsin-Ma da waya a hannu, ku nuna mani wani bature ya kwance tayar baya ya mayar cikin minti goma, ku ce ai Alhaji abin ba wuya. Gaskiyarku, kwancewa ba wuya. Ni Lawal na haura shekara talatin cikin besfa, tun daga wankin noti a kwano har na kai ga saye da sayarwa, kuma inda na faɗi ba wajen kwancewa ba ne.

Aikin farko da maigidana Ɗanjuma ya bari na taɓa besfar wani malamin asibiti ce. Ya ɗora cikinta bisa wani guntun kututture har tayar baya ta bar ƙasa, ya ce in kama tayar sama da ƙasa in girgiza. Na girgiza na ce lafiya lau take. Ya ce in sake. Na sake, na ce lafiya lau. Ya ce to in tsaya nan ina girgizawa har hannuna ya yi kunne, shi zai je ya ci abinci. Kafin ya dawo na ji abin: wani ɗan ƙas-ƙas da ido ba ya gani, sai tafin hannu. Ranar ya koya mani cewa abu uku ke kawo wannan wasa. Ko babban notin tsakiya ya saki, ko haƙoran dirom, kwanon da birki ke ciki, sun cinye, ko boris ya mutu. Ka ɗaure noti ka sake girgizawa. In wasan yana nan, ka dafa kan sifana a jikin inji, ɗaya kan a kunnenka, ka juya taya. Boris mai lafiya ba ya magana. Wanda ya mutu sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa a ɗakin maƙwabta. Na yi wata biyar a garejin nan ban riƙe guduma ba, aikina ke nan.

Ga yadda wurin yake, ga wanda bai taɓa buɗewa ba. Besfa ba ta da sarƙa. Tayar baya a jikin inji take rataye ta gefe guda. Wani ƙarfe ne ya fito daga cikin giyabos, inda mai yake, ya ratsa ta cikin boris, ya shiga dirom, inda birki yake. Tsakanin man nan da birkin nan ba komai sai sil. Da boris ya fara rawa sai ya cinye leɓen sil, mai ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, lainin ya yi ta sha. Ranar da ya ƙoshi, sai ka taka birki ka ji kamar ka taka danƙo. Alamar tana cikin wili, ƙarfen da taya ke kai, ta ɓangaren inji: baƙin layi da ƙura ta manne a kai. Shi ya sa tunda na fara dillanci ban taɓa sayen besfar da aka kawo mani a wanke ba. Sai mai ita ya hau ya je bakin dam ya dawo, sannan in duƙa in leƙa. Da yawa daga nan ba su dawowa.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Babbar sifana da guntun bututu da ake zura mata don ƙarin ƙarfi. Filaya mai tsini ta cire zoben da ke riƙe boris. Gudumar katako. Wani guntun bututun da na sa aka yanka mani daidai faɗin sil, don in buga shi ya zauna ba karkata. Sai risho. In boris za a canza, dole a raba inji biyu, a gasa gidan boris a kan wuta har ya buɗe, shi kuma sabon boris a ƙulle shi a leda a kai wajen mai ƙanƙara ya yi sanyi. Mai zafi da mai sanyi in suka haɗu, da ɗan bugu kaɗan yake faɗawa. Wanda ya buga shi da ƙarfi a sanyi ya fasa gidan, kuma gidan nan shi ne rabin inji. Sil kuwa ɓangaren da ke da 'yar waya shi ke kallon ciki, a shafa wa leɓen mai da yatsa kafin a mayar da dirom. A ƙarshe a ɗaure noti iya ƙarfi, a sa sabon fin, ɗan tsinken ƙarfen da ke hana shi warwarewa. Ba ƙusa ba, ba sifok ɗin keke ba. Wani mai hatsi daga Makera, da aka sa mashi ƙusa a wani gari, yana tafe sai ya ga taya ta wuce shi ta shiga gonar dawa. Sai da ya zauna ƙasa ya gane tashi ce.

Akwai wata besfa ta wani tela daga Kutawa da ta kusa sa ni barin sana'a. Na canza mata sil, bayan mako ta dawo da mai. Na sake canzawa, ta sake dawowa. Boris lafiya, wuyan dirom ba zane. A karo na uku na zauna ina kallon injin kawai, sai na ga zanzaro ya fito daga saman giyabos. Akwai wata 'yar ƙofa a can da inji ke numfashi ta ciki, ashe ya yi gininshi na laka ya toshe ta. In inji ya yi zafi iska ba ta da mafita, sai ta tura mai ta sil. Da tsinken tsintsiya na gyara abin da ya ci mani sil biyu. Wannan ba za ku gan shi a waya ba.

Yawancin masu sayen besfa a wajena malamai ne, kuma da dalili. Babbar riga ba ta da abin da za ta maƙale a ciki, mutum ya zauna ƙafa haɗe kamar bisa kujera, ya aje gafakar littattafai tsakanin ƙafafu. Suna riƙe abu da kyau, ba su gudu. Amma akwai al'ada guda da kusan dukkansu suke da ita, kuma mu makanikai mu ke biya masu ita: tsoron birkin hannu. Hanyoyinmu na ƙauye rairayi ne, kuma tayar besfa ƙarama ce. In ka damƙe birkin gaba a cikin rairayi sai ka tsinci kanka a ƙasa. Don haka da dattijo ya sayi besfa, abu na farko da zai ce shi ne a kwance mashi wayar birkin hannu, kada wata rana ya firgita ya kama. Sai ya rage birki ɗaya tak, na ƙafa, na tayar baya, wanda duk lafiyarshi ke hannun 'yar robar nan.

Malam Sada na Kuki shi ne ya fara sayen besfa a hannuna lokacin da ba wanda ya san ni, wata mai ruwan toka. Da hannuna na zare mashi wayar birkin gaba a ranar, na naɗe na jefa cikin akwati. Shi ya riƙa turo mani 'yan'uwanshi malamai ɗaya bayan ɗaya, yana ce masu Lawal ba ya sayar da abin da bai leƙa ƙarƙashinshi ba. Duk Asabar da safe yakan biyo ta gaban shagona zai tafi Kurfi, inda yake karantar da wasu magidanta littattafan fiƙihu a wani zaure. Ba ya tsayawa, sai dai ya ɗaga hannu.

Shekarar da abin ya faru ba ta yi wa kowa daɗi ba. Kayan besfa da muke samu ta Maraɗi suka yanke. Hanyoyin yamma da mu suka lalace da rashin tsaro, ƙauyawan da ke saye bayan kaka suka daina zuwa, wasu ma suka baro gonakin. Sababbin mashina masu arha suka cika gari, samari ba mai kallon besfa. Na yi wata huɗu ban sayar da ko guda ba. Gyaran besfar malaman nan shi ke ciyar da gidana. Mai sayar da kayan gyara guda ya rage da ke aje na besfa, Oga Sande, mutumin kudu da ya daɗe a garin har Hausarshi ta fi ta wasunmu kaifi, kuma shi ma kantarshi ta zama kwalaye ba komai ciki.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci Malam Sada ya turo besfar gaban shago, ya zauna bisa benci, ya ce tsohuwar tashi ta fara gardama, yana taka ta tana yi kamar ba da ita yake ba. Na ɗora ta bisa kututture na girgiza taya. Ba sai na sa kunne ba. Na cire dirom, mai ya biyo hannuna har gwiwa. Lainin ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli, leɓen sil ya yage.

Na tafi wajen Oga Sande da tsohon sil ɗin a hannu. Boris yana da shi, don irin shi ne ake sa wa injin ban-ruwa. Sil kuwa iri biyu ne a besfa, mai ƙaramin baki da mai babba, kuma mai babba kawai ya rage mashi, na Malam ƙarami ne. Lainin ma babu. Ya ce in ya aika yau, Litinin za su iso. Na ce ya aika, amma mai mashin ɗin gobe da safe zai tafi Kurfi. Ya tambayi ko wane ne, na faɗa mashi.

"Baba mai rawanin nan da ba shi da birkin gaba? Lawal, kada ka ba shi. Ka ce makulli ya faɗa rijiya."

Na ce ni ba zan iya yi wa Malam ƙarya ba.

"To faɗa mashi gaskiya mana. Ka ce Baba, ba za ka hau ba, shi ke nan. Ku dai kunyar nan taku wata rana sai ta kashe mutum."

Na yi dariya na ce shi bai san yadda ake magana da manya ba. Na dawo.

Na durƙusa gaban benci na yi wa Malam bayani, amma irin bayanin da ake yi wa wanda ya girmi ubanka. Na ce akwai 'yan kayan da ya kamata a canza, ba su nan sai Litinin, da za a bar ta ta kwana biyu da ya fi. Ya ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa fashin Asabar ba sai da ya je Hajji, kuma gobe za su rufe babi. Na ce ga wata besfar nan ya hau. Ya dube ta ya ce shi bai san halinta ba, ita ma ba ta san nashi ba. Na ce in sa a kai shi a mota. Ya ce akwai marasa lafiya biyu da yake ratsewa ya duba a ƙauyukan hanya, mota ba ta shiga. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Yi mata 'yar dabarar nan taku ta wuta, Lawal. Na sha gani kuna yi wa mutane. Ko ni ne ban kai ba?"

Dabarar kowa ya san ta a gareji. A jiƙa lainin da fetur, a aje a ƙasa, a ƙyasta ashana. Man da ke sama ya ƙone, a goge da samfefa, a mayar. Birki ya kama kamar sabo. Amma man da ya shige ciki yana nan, zafi zai sake fito da shi, ga kuma sabo yana biyowa ta yagaggen sil. Wani ta kai shi wata, wani mako. Na yi mashi. Na wanke dirom, na mayar da tsohon sil da ɗan gam, na rage man giyabos kaɗan, na ɗaure noti, na sa sabon fin. Na hau na gwada, taya har tana jan ƙasa.

Maganar da ya kamata in faɗa guda ce, kuma ba ta da tsawo: Malam, mashin ɗin nan ba shi da birki, ba zan ba ka makulli ba. Abin da na faɗa shi ne, "Allah shi gafarta Malam, za ta kai ka. A dai riƙa bi da ita a hankali, in kaya sun iso a dawo da ita." Ya ce in sha Allahu. Ya sa mani albarka ya tafi.

Kaya suka iso Litinin kamar yadda Oga Sande ya ce. Ranar kasuwa na ga babban ɗan Malam, Bishir, wanda ke kula da makarantar gidansu, na ce ya gaya wa Malam kaya sun zo. Mako na gaba ya kawo mani amsa: Malam na gaishe ni, ya ce birki bai taɓa kamawa kamar yanzu ba, a bari a gama yankan gero sai ya kawo ta. Asabar biyu ya wuce ta gaban shagona ya ɗaga hannu, na ɗaga mashi. Ban tare shi ba, don ba a tare malami yana kan hanyar karatu. Kuki kuma ba nisa gare ta ba, da na ɗauki jakata na je na ɗauko mashin ɗin da kaina. Sai dai a sana'armu mai mashin ke zuwa gareji. Makaniki ya kwashi kaya ya je ƙofar gidan malami ba a kira shi ba, a irin wannan shekara, sai a ce yunwa ce ta kai shi neman aiki. Na tsaya ina kare wannan, kayan suna cikin durowa.

Asabar ta uku, gab da shiga Kurfi, akwai wata gangara da ke sauka kan kwalbati. Shanu suna tsallaka titi a ƙasan. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake ba. Sun ga yana ta taka ƙafa, yana ta takawa, sannan ya kauce wa shanun ya bi gefe, ya daki bakin kwalbatin. Ƙugunshi ya karye. Aka kai shi Katsina, aka dawo da shi wajen mai ɗori, aka sake komawa Katsina. Ƙashin tsoho bai haɗu yadda ya kamata ba.

Bayan an sallamo shi na je Kuki da jakar kayan aiki. Besfar tana jingine a zaure, gabanta a lotse. Na ce Bishir ya tsaya ya gani, na cire dirom a gabanshi. Mai ya zubo bisa daɓe. Na nuna mashi lainin, na faɗa mashi abin da na yi da abin da ban yi ba. Ya shiga da ni wajen Malam.

Yana kwance bisa katifa a ƙasa, an tokare shi da filo. Na gaishe shi, na maimaita abin da na faɗa wa Bishir, wannan karon ba kwana-kwana. Na ce na san ba ta da birki na ba shi makulli. Sai Malam ya ce:

"Ka ce a dawo da ita, ban dawo ba. Ka aiko, na ce sai an yanke gero. Kowa ya ɗauki nashi, Lawal. Amma da ka faɗa mani haka ranar nan, da wannan muryar, da na yi fushi na hau mota."

Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya. Bishir ma, iyakar sanina, bai kai ƙarata wajen kowa ba. Amma an ga na buɗe dirom a zaure, kuma zauren malami ba ya rabuwa da mutane. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya daina gaisawa da ni. Sai dai na riƙa ganin besfar da na sani a gindin bishiyar wani makanikin. Wasu suka sayar suka koma hawa bayan 'ya'yansu. Na gyara ta Malam tsaf, boris da sil da lainin, na miƙe gaban, na mayar mata da wayar birkin hannu. Kwana ɗaya da rabi aikin ya ci. Ba wanda ya sake hawanta.

Ga lissafin. Malam Sada ya yi shekara uku yana salla a zaune kafin ya rasu, bai sake ganin Kurfi ba. Karatun zauren nan ya watse: masu ƙarfi suka koma wajen wani malami, tsofaffin suka zauna gida, littafin da suke ciki ba su kai ƙarshenshi ba. Cikin malamai goma sha huɗu, uku suka rage mani. Ni kuma na bi kasuwa na shiga sayar da sababbin mashina, na buɗe shago na biyu, na je Makka. In ta wajen samu ne, ban taɓa samu kamar bayan abin ba, kuma ba zan ce maku ba haka ba ne.

Tun daga lokacin ba na zare wa kowa birkin hannu, ko wane ne. Besfar da na ga mai a cikin dirom ɗinta kuwa, in ba kaya, makullinta aljihuna yake kwana. Mutum tara na yi wa haka zuwa yau, har da hakimin wani yanki da wani limami. Huɗu sun jira. Biyar sun aiko an ɗauke mashin ɗin a bayan mota, ba su sake dawowa ba. Ɗaya daga cikinsu har yanzu in muka haɗu a masallacin Juma'a ba ya amsa sallamata. Yakan tattare riga ya wuce ni da sauri, da ƙafafunshi biyu.